Makon da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Gara in faɗa tun daga farko, dabarar da na ƙulla ba ta tafi yadda na tsara ba. Kwana shida kawai ta yi, amma kafin su cika sai da na sa matata kuka a bayan ɗaki, na kuma tayar da hankalin mahaifiyata da ke zaune lafiya a Malumfashi.

Sunana Hadi. Ina da shagon tireda a Kurudu da ke Abuja, bakin titin da ya wuce Orozo. Karatun bokona a aji uku na sakandare ya tsaya. 'Ya'yana uku: Nazir mai shekara goma sha tara, Mashkura mai sha uku, sai auta Rukayyat. A gidan hayar da muke, kowa da sunan ɗansa na fari ake kiransa, ni kaɗai ake ce wa Baban Mashkura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wurinmu mutum ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Idan ina son Nazir sai in ce, "Kai yaron nan." Uwarsa Zaituna kuma ɗan Inna take ce masa, saboda tun da aka kai shi yaye wurin mahaifiyata, Inna ta ƙi dawo da shi sai da ya shekara takwas.

Yaron ba shi da matsala ko ɗaya, sai shiru. Yana sallah, yana taimaka mini a shago, yana kiwon zomaye a bayan gida. Amma hirarsa da ni ba ta wuce "To," da "E," da "An gode." Shekara goma sha ɗaya muna haka, kuma ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba sai ranar da Mashkura ta kawo mini abinci shago ta zauna a kan buhun shinkafa.

"Baba, ka san Yaya ya cika fom ɗin jami'a? Ta ɗaya Katsina, ta biyu ma Katsina. Ko Abuja ɗaya bai sa ba."

Tuwon nan ban san yadda na ci shi ba. Idan yaron nan ya koma Katsina ya yi shekara biyar, can zai yi abokai, can zai ga yarinya, can zai zauna. Sau ɗaya na ba da shi, aka riƙe mini shi shekara shida. Na tambayi Mashkura ko ana iya gyarawa, ta ce ana iya, har zuwa Juma'ar makon gobe.

Ina cikin wannan tunani Madam Prudence ta shigo sayen madara. Maƙwabciyarmu ce, mutuniyar Kafanchan, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Karu, ranar Asabar kuma tana zuwa karatun ilimin halayyar ɗan Adam. Ta dube ni ta ajiye jakarta.

"Baban Mashkura, yaya fuskarka kamar wanda aka ɗauke wa wuta ana tsakiyar ƙwallo?"

Na gaya mata. Ta ja benci ta zauna, ta manta da madara. Ta tambayi shekarunsa lokacin yaye, na ce wata ashirin. Ta tambayi yadda aka yi, na ce uwarsa ta goya shi zuwa Malumfashi, ta bari ya yi barci, ta sulale ta hau mota.

"Ba ta yi masa sallama ba?"

"Madam, wa yake sallama da mai shan nono?"

"Kai kuma ka taɓa ɗaukarsa?"

"Sau ɗaya, ranar suna. Shi ma a cikin ɗaki, na rufe ƙofa."

Ta girgiza kai a hankali, irin yadda makaniki yake yi idan ya buɗe inji. Washegari ta dawo da littafi mai kauri, gefensa duk an manna ƙananan takardu masu launi. Ta ce masana sun rabu a kan yadda hali yake ginuwa. Wasu sun ce shekara biyar ta farko ita ce komai, abin da ya sami yaro wurin shayarwa da yaye shi yake binsa har furfura. Wasu sun ce abin dubawa shi ne wanda jariri ya shaƙu da shi, idan aka raba su farat ɗaya sai ya girma bai yarda ya jingina da kowa ba. Akwai wanda ya kasa rayuwa mataki takwas, ya ce duk matakin da mutum bai gama da shi ba zai bi shi da dukan ƙofa. Wasu kuma sun ce yaro kwaikwayo yake yi, abin da ya gani a gida shi yake zama.

"To babu wanda ya ce daga Allah ne?" in ji ni.

"Akwai masu cewa gado ne, a jini yake."

"Jinin wa?"

"Naka mana, oga. Ko akwai wani?"

Na zauna na auna. Idan yaye ne, ni na biya kuɗin mota. Idan shaƙuwa ce, ni na ƙi ɗaukarsa. Idan kwaikwayo ne, ni ya gani ina shiru da shi. Idan jini ne, nawa ne. Littafi mai shafi ɗari huɗu, babu layi ɗaya da ya wanke ni. Na ce mata mu ma Hausawa mun ce hali zanen dutse ne. Ta ce ai mu ɗin ne dai muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in zaɓi ɗaya.

Sai ta tambaye ni ni na nawa ne a wurin Inna. Na ce ni ma na fari ne, har yau ba ta kama sunana, "na Abuja" take ce mini. Madam Prudence ta tafa hannu.

"Shi ya sa! Wannan yawan damuwar taka, yanzu na ga inda ta fito. Kai kanka case ne, abin nazari, Baban Mashkura."

Na ce ta bar ni da nawa, ta gaya mini maganin na yaron. Ta ce babu abin da ya wuce gyara. In kira shi da sunansa, in dube shi a ido, in tambaye shi abin da ke ransa. Idan ya yi magana in nuna masa na ji daɗi, don an gwada a kan tattabaru, duk wadda ta yi abin da ake so aka ba ta tsaba sai ta ƙara yi. Na ce ɗana ba tattabara ba ne. Amma na riƙe maganar.

Ranar Asabar na fara. Tun a hanyar dawowa daga masallaci nake gwada sunan a bakina, ƙasa-ƙasa, kamar mai bitar hadda. Da hantsi yana jera katan ɗin taliya, akwai mata biyu suna jiran canji. Na gyara murya.

"Nazir."

Ya leƙa waje ya duba titi, yana neman wanda ya kira shi. Na sake faɗa. Ya juyo da katan a hannu, ya tsaya.

"Baba, ni?"

"Kai fa. Yaya... yaya ka kwana?"

"Lafiya lau." Ya ci gaba da tsayuwa yana jiran laifin da ya yi. Ni kuma na dube shi a ido kamar yadda aka ce, har idona ya fara ruwa. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Oga, canjina."

Da yamma na sayo tsire, na sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, na ce ya zo mu ci tare. Ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. Ya zauna a can bakin tabarmar, rabin jikinsa a kan siminti. Na ce, "Nazir, me ke ranka?" Ya ce babu komai. Na miƙa masa tsoka. Na ce yaya zomaye. Ya ce ɗaya ta haihu. Kalma uku ke nan, sai na ba shi tsoka biyu da ƙoda. Mashkura tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

"Baba, ni da nake magana tun safe ko albasa ba a ba ni ba."

Uwarta ta jawo ta ciki. Na lura Zaituna ba ta yi dariya ba, kallona kawai take yi ta gefen labule.

Haka na ci gaba. Ranar Litinin na bi shi bayan gida na tsuguna ina kallon zomaye, har ɗaya ta yi mini fitsari a takalmi. Ranar Talata muna tafiya sallar la'asar na ɗora hannuna a kafaɗarsa. Da can idan za mu masallaci yana barin taku goma tsakaninmu. Kafaɗar ta sandare kamar katako, muka yi ta tafiya a haka, masu shaguna suna binmu da ido, har mai gyaran waya ya tambaya ko ƙafa ce take damuna.

Duk waɗannan kwanakin ba na samun barci sosai, kaina yana sarawa. Ranar Talatar na biya kemis aka gwada jinina, aka ce ya ɗan hau kaɗan, in rage tunani. Yarinyar kemis ɗin ta rubuta mini lambobin a takarda, na cusa a aljihun riga na manta. Ranar ce kuma Madam Prudence ta ce mini a littafinsu ana son uba ya amsa kuskurensa a gaban ɗa. Don haka da muka rufe shago bayan magariba, ina sa kwaɗo, na ce ba tare da na juya ba:

"Nazir, duk abin da na yi maka tun kana ƙarami, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Ya ce, "Baba, ba ka yi mini komai ba." Muryarsa tana rawa. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ƙanƙara ta fara narkewa.

Daga Laraba gidan ya canza. Miya ta zo babu gishiri. Na yi magana, Zaituna ta ce haka ya fi lafiya. Ta dafa mini dambun zogale da na shekara ina roƙo. Na fito zan ɗauki buta, Mashkura ta riga ni, kuma ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ji shessheka a bayan ɗaki, na leƙa, Zaituna ta ce hayaƙi ne, alhali da gas muke girki. Da na isa shago na tarar Nazir ya buɗe, ya share, ya ajiye mini kujera a inuwa. Na ɗaga buhun sukari, ya karɓe.

Da azahar ya tsaya a gabana, hannu a baya.

"Baba, na je na canza. Na sa ta nan Abuja. Zan riƙa zuwa daga gida, in riƙa kula da shago."

Ban san lokacin da na buɗe firji na ba shi lemo ba. Da yamma na tare Madam Prudence a ƙofar gida na gaya mata. Ta ce kwana biyar kacal, ko a littafi ba a samu irin wannan ba, za ta sa mu a cikin aikinta na makaranta, amma za ta canza mana suna. Na ce ta sa mini suna mai kyau.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ba ta saba kirana ba, ni nake kira.

"Kai na Abuja, me likita ya ce? Kada ka ɓoye mini, ni na haife ka."

"Wane likita, Inna?"

"An ce an ga takardar asibiti a aljihunka. An ce kana kiran yaron nan da sunansa tsirara a gaban mutane, kana cin abinci da shi, kana dafa shi a hanya. Har gafara ka nema. Mutum ba ya zubar da kunya rana ɗaya sai in ya ga wani abu. Na sa a tambayo mini motar Asabar."

Na zauna a kan katan ɗin sabulu. Na rantse mata lafiyata ƙalau, na kwashe labarin Madam Prudence da littafinta na gaya mata. Sai na ji tana maimaita wa wata a gefenta, suka kwashe da dariya.

"Yaye? Yini ɗaya ya yi kuka, na dafa masa ƙwai, ya manta da uwarsa. Kai ne ka yi wata guda kana tsala ihu a gidan kakarka, har maƙwabta suka kawo ƙara. Kuma wane shiru? Yaron da kullum bayan la'asar yake kirana, ba ya barina in sa baki? Na san sunan zomayensa duka. Na san wanda ya ci ƙwallo a unguwarku. Jiya ne kawai ya kira yana kuka, ya ce ba zai zo karatu nan ba, ubansa ba shi da lafiya."

Bayan mun gama na daɗe da waya a hannu. Ranar Alhamis ce. Gobe Juma'a za a rufe gyara. Ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a kan katan ɗin, ya ce ai ban yi ƙarya ba, jinin ma da gaske ya ɗan hau. In ci miyar nan marar gishiri kwana ɗaya tak, in ɗan riƙa dafa ƙugu idan zan tashi, jibi in warke. Yaro ya zauna a Abuja, kowa ya huta. Har na gwada tari sau ɗaya, in ji yadda zai fita. Nazir, da dawowarsa ke nan daga aike, ya taso da sauri daga bayan kanta da ruwa a kofi, fuskarsa duk ta faɗa, idonsa ya yi ja. Na karɓa na sha, na san ba zan iya yi masa wannan ƙaryar ba.

Na bari sai da muka koma gida cin abincin rana. Na same shi a bayan gida yana yanka wa zomaye ganyen dankali. Na tsaya daga nesa kaɗan, inda na saba tsayawa. Na ce masa ba ni da ciwon komai, takardar ta kemis ce, duk abin da ya gani a makon nan daga littafin Madam Prudence ya fito. Na gaya masa har da maganar tattabaru.

Ya ajiye wuƙa. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya yake yi, har da riƙe kejin zomaye.

"Wato tsiren nan tsaba ce, Baba?"

"Da ƙoda ma na haɗa maka."

Da ya nutsu sai ya yi magana, yana kallon zomayen, ni ma su nake kallo. Ya ce ba guduna yake yi ba. Aikin gona yake son karantawa, kuma idon Inna ya fara rauni, gonarta ta bayan gari shekara biyu ke nan ana ba wasu aro. Idan yana kusa zai riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Ya so ya gaya mini, amma a Malumfashi an koya masa ɗan fari ba ya zama yana zuba a gaban ubansa, sai an tambaye shi, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "To ba ka taɓa jin kamar an yar da kai ba? Littafin ya ce..."

"Baba, lokacin ina can, duk ranar da ka kira Inna sai ka ce yaya awakin gidan, suna cin abinci kuwa, ba wadda take zazzaɓi? Inna ba ta da akuya ko ɗaya. Tana ajiye waya take ce mini, ubanka yana gaishe ka."

Sai na ce zomon can baƙi kamar ya rame. Ya ce mace ce, ita ce ta haihu.

Har na juya zan tafi ya ce, "Baba, don Allah wani abu ɗaya. Ka koma kai yaron nan ɗin. Sunan nan duk ka kira shi gabana faɗuwa yake yi."

Ranar Juma'a da safe na ba shi kuɗin mota ya je ya gyara. Ban ce masa ga abin da zai sa ba, kodayake bakina ya yi ta motsi. Da ya dawo ya ajiye mini takardar a kan kanta ba tare da na nema ba. Katsina ce ta ɗaya, ta biyu Abuja. Zaituna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba saboda hawayen da ta yi asara, sannan gishiri ya dawo miya. Madam Prudence ta ce duk da haka littafinta bai faɗi ba, yaron yana matakin neman sanin kansa ne, kuma shaƙuwarsa da Inna ita ta riƙe shi. Ta ce ni ne dai har yanzu take son ta zauna da ni. Na ce kasuwa ta yi yawa.

Yanzu idan muna shago babu mutane yakan ba ni labari, yana jera kaya, bayansa a wajena, ni kuma ina duba titi. Jiya har ya yi mini bayanin takin zamani na kusan minti goma.

Sakamakon jarrabawa bai fito ba tukuna, don haka ban san wace makarantar za ta ɗauke shi ba, ban kuma sani ba ko zai dawo Abuja idan ya gama. Halinsa kuwa, ko yaye ne ya gina shi, ko Inna, ko jinina, ko haka ya zo da abinsa, har yau ban sani ba.